Na Kai Wilin Motata Gashi a Kano

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. In na tsaya lodi a tashar Ikara, sai wani ya leƙo ta taga ya ce, "Isiyaku, wai da gaske ne gasa wilin mota ake yi kamar gurasa?" Ko gaisuwar mutuwa na je, kafin a shafa fatiha wani ya matso kusa da ni yana so ya ji. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura kowa sai ya ƙara nasa kafin ya kai wa na gaba. Jiya a Saulawa na ji ana cewa wai tayata ta fice ta shige gonar rake da amarya a cikin mota. Ba a yi haka ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya faru, har da wurin da laifina yake, don laifin nawa ne.

Sai na fara da Lawal, don ba don shi ba da ban je ba. Lawal ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, kuma mu biyu ne masu motar haya a Kurmin Kogi. Tawa ta riga tasa shigowa garin, kuma shekara da shekaru duk auren da aka yi, motata ce motar amarya. Ba don ta fi kyau ba. Mutane sun san ni ba na gudu, ba na wasa da birki. Suna yi mini dariya a kan yawan tsorona, amma ranar da za a kai 'yarsu ɗakin miji, ƙofar gidana suke zuwa.

Bayan girbi Lawal ya ɓace kwana uku, ya dawo da wilinsa huɗu, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, ruwan azurfa, suna ƙyalli kamar sabon faranti. Ya ce wannan ba fentin gwangwani ba ne irin na masu feshi a bakin titi. Wani gari ne ake fesawa a gasa shi a wuta, ba ya ɓarewa, laka ba ta kama shi. Kafin mako ya zagayo 'yan tasha sun raɗa masa Mai Azurfa. Da gangan yake zuwa ya faka a gefena.

"Bawana, zo ka gyara hularka a ƙafar motata, ka huta da neman madubi."

Na yi dariya tare da kowa. Da na koma gida na kasa cin tuwo.

Duk wannan da na daure. Abin da ya karya ni shi ne Yaya Hansai, babbar yayarmu. 'Yarta Rabi za ta yi aure, za a kai ta Taba ta ƙasar Kudan ranar Asabar. Ni na kai Rabi makaranta ranar farko, ni nake kai ta asibiti in ba ta da lafiya. Ban taɓa tunanin sai an tambayi motar da za ta ɗauke ta ba. Ranar Lahadi na shiga gaida Yaya, sai ta riƙa kame-kame.

"Isiyaku, kada ka ji haushi. Ƙawayen yarinyar nan za su ɗauki hoto a waya. Sun ce motar Lawal ta fi fitowa. Kai sai ka ɗauko mana tukwane da tabarmi."

Na ce, "Tukwane, Yaya?"

"To ai su ma sai mai hankali. Lawal zai farfasa su."

Washegari Lawal ya yi faci a Ikara. Ina tsaye mai faci ya cire wilin ya kifa shi a ƙasa. Sai na ga bayansa, wurin da yake kwanciya a jikin mota, babu fenti ko kaɗan, ƙarfe ne tsirara. Ramukan da noti ke zama ma haka. Allah ya yafe mini, wani sanyi na ji a zuciyata. Na ce a raina, ashe cutarsa aka yi, rabin aiki aka yi masa. Na zagaya bayan motarsa na karanta sitikar da masu aikin suka manna masa a gilas, na haddace unguwar. Da ya tambaye ni me nake kallo, na ce babu. Da na ce gobe ba zan fito lodi ba ya tambayi dalili, sai na ce zan je Kano dubiya. Wannan ƙaryar ta bi ni har Kano, za ku ji yadda na yi da ita.

Ranar Talata bayan sallar asuba na kama hanya. A Makarfi na tsaya na sayi mazarƙwaila mai kyau, don ban saba zuwa wurin mutum hannu rabbana ba. A Tashar Yari, inda ake hawa babban titi, na tsaya in ƙara duba iska. Wata dattijuwa mai sayar da rake ta dube ni ta dubi motar.

"Direba, kai ɗan Kurmin Kogi ne? Ina yaron nan Mai Azurfa? Kwana biyu bai biyo ba."

Na ce yana nan ƙalau. Da niyyar sayen rake na tsaya, amma na fasa.

Kusa da Kwanar Dangora, inda ake barin jiharmu a shiga ta Kano, akwai shinge. Tun daga gida nake fargabar wurin. Na haɗa takardun mota kaf, na sa a leda, na sa ledar a cikin wata leda. Tun daga nesa na rage gudu, na sauke gilas, na riƙo ledar a hannu. Jami'in ya ga mota babu fasinja babu kaya, ya yi mini alama da hannu in wuce. Na ƙi wucewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ka duba ba." Ya ce, "Malam, ka wuce, kana tare hanya." Na ce ko inshora ce ya duba, don sabuwa ce. Motocin baya suka cika wurin da hon. Na wuce, amma har na kai Kura ina tunanin ko in koma, kada a dawowa a ce na wuce ba a duba ni ba.

Na shiga Kano da hantsi. Tuƙin Kano ba irin namu ba ne. A wurinmu in ka ba mutum hanya sai ya ɗaga maka hannu. Can in ka ba mutum ɗaya hanya, 'yan adaidaita goma ne za su shige, na bayanka kuma ya leƙo ya tambaye ka ko gyangyaɗi kake yi. Sau uku na ɓace kafin na sami wurin, wata doguwar rumfar kwano a bayan masu walda.

Mai wurin sunansa Malam Habu, wani gajere mai furfura a gemu. Na yi sallama na fara gaisuwa yadda aka koya mana. Ina kan tambayar iyali, ban ko kai ga gajiya da kasuwa ba, sai ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Wili nawa ne?" Na ji kamar an rufe mini ƙofa a fuska. Daga baya na gane ba wulakanci ba ne, haka suke, gaisuwarsu a tsaye ake yin ta. Da na miƙa masa mazarƙwaila fuskarsa ta saki.

"Ta Makarfi ce? Kai ɗan wajen su Lawal ne ke nan! Ina mutumina? Wallahi kwana uku ya yi a nan, cikinmu har ciwo ya yi don dariya."

Ya zaro waya ya nuna mini hoton aikin da suke nuna wa masu zuwa. Wilin Lawal ne, da Lawal ɗin tsugune a gefe yana washe baki. Na yi tafiyar rabin yini don in huta da ganin wilin nan, ga shi an sa mini a gaban hanci.

Ya ce, "Irin nasa za a yi maka?"

Na ce, "A'a. Mene ne ya fi azurfa?"

Ya dube ni ya yi murmushi. "Gwal."

Aka ɗaga motata aka ɗora ta a kan bulo, aka cire ƙafafun huɗu, aka zare tayoyin. Ban taɓa ganin motata a haka ba, kamar akuyar da aka ɗaure za a kai kasuwa. Na tambayi Malam Habu ko bulon nan ba zai fashe ba. Ya ce ba zai fashe ba. Bayan la'asar na sake tambaya. Ya ce, "Malam Isiyaku, je ka nemi masauki."

Na sauka wurin Tanimu, wani mutumin Ikara da ke dillancin tumatir a Kano. Ya ba ni tabarma a shagon ƙofar gidansa, tsakanin kwanduna. Wurin yana warin ruɓaɓɓen tumatir, amma warin gida ne, bai dame ni ba. Abin da ya dame ni ƙaryar dubiyar nan. Na ce wa Tanimu, "Don Allah akwai marar lafiya a gidan nan?" Ya zaro ido. Na ce ko a maƙwabta ne. Ya ce sai dai tsohuwarsa da ke fama da gwiwa. Na ce ya isa. Ya shigar da ni, na durƙusa na yi mata sannu sosai, na yi mata addu'a mai tsawo. Tsohuwar ta ce, "Yaro, ai gwiwar nan ta shekara goma, yau ka ji labari?" Na fito zuciyata ta ɗan yi sauƙi. Ko ba komai, na yi dubiya a Kano.

Abinci kuwa, da safe Tanimu ya kawo gurasa da aka jiƙa aka barbaɗe da ƙuli da yaji da albasa. Tana da daɗi, ban musa ba, amma mutumin da ya saba karyawa da ɗumame, kafin azahar cikinsa zai fara kuka. Kuma su a rumfar Malam Habu kowa da kwanonsa, kowa ya juya baya ya ci. A tasharmu in mutum ɗaya ya sayi shinkafa da wake, cokali biyar ne a ciki.

Ranar Laraba na ga aikin da idona. Da farko suna shigar da wili wani ɗan ɗaki, su buga masa yashi da iska mai ƙarfi har tsohon fenti da datti su fita, ya koma fari fat. Sai a rataye shi a ƙugiya. Mai feshin wani dattijo ne, Ɗanliti, wanda ƙarar inji ta taɓa masa kunne, sai ka ɗaga murya yake ji. Bindigar feshinsa tana haɗe da wutar lantarki, garin yana fita kamar hayaƙi ya je ya manne a ƙarfen da kansa. A lokacin in ka taɓa da yatsa gogewa zai yi kamar garin tuwo. Daga nan sai a tura cikin wani ƙaton akwatin ƙarfe da suke kira tanderu, a rufe. Zafi ne ke narkar da garin ya zama fenti.

Kafin a yi feshin na ga Malam Habu yana manna wani koren salatif a bayan kowane wili, yana kuma toshe ramukan noti da 'yan robobi. Na gane nan take. Abin da aka yi wa Lawal ne za a yi mini.

Na ce, "Malam Habu, ni cikakken aiki nake so. Kada a bar mini ko'ina tsirara."

Ya ce, "Nan ba a fentinsa. Nan ƙarfe ne zai kwanta a kan ƙarfe. In fenti ya shiga tsakani, za ka ɗaure noti ka ji ya ɗauru tamau. Amma da ka hau hanya, zafin birki da nauyin mota za su murƙushe fentin, ya lotse, noti ya sami wurin motsi. Ka gane?"

Na ce na gane. A raina kuwa cewa nake yi, haka ya yi wa Lawal daɗin baki don ya rage gari.

Ya ƙara da cewa, "Kuma ma wa zai ga bayan wili?"

Ni na san wanda zai gani. Na riga na tsara yadda zan sa mai facin Ikara ya cire nawa ya kifa kusa da na Lawal a gaban 'yan tasha.

Da aka buɗe tanderu, biyu sun fito lafiya, ruwan gwal mai ɗaukar ido. Biyu kuwa sun fito da ƙuraje, 'yan ƙananan kumbura ko'ina kamar fuskar mai ƙyanda. Malam Habu ya ce hakan na faruwa da tsohon wili. Akwai iska da maiƙo da suka shige cikin ƙarfen, in ya ji wuta sai su taso su huda fentin. Sai an kankare, an gasa su tsirara sun fitar da abin da ke cikinsu, sannan a sake feshi. Aikin gobe ke nan.

Na ce, "Biki gare ni ranar Asabar. A ƙara wutar mana a gama yau."

Nan ne kaɗai na ga ransa ya ɓaci. Ya ce, "Wannan ba tukunyar wake ba ce. In wuta ta wuce ƙa'ida ƙarfen nan laushi yake yi. Ba za ka gani da ido ba, sai ranar da ka faɗa rami da mutane a mota ya tsage. A rumfata ba a yin haka."

Maganar mutane a mota ta shige ni. Da a ce ta shige ni gaba ɗaya, da ban yi abin da na yi washegari ba.

Ranar Alhamis aka gasa biyun tsirara, suka huce. Ana shirin feshi sai gas ya ƙare, Malam Habu ya tafi sayowa, ya ce wa Ɗanliti ya manna salatif ya fesa kafin ya dawo. Na tsaya ina kallon Ɗanliti yana yanka salatif. Na tuna dariyar Lawal a hoton nan. Na matsa kusa da kunnensa na ɗaga murya.

"Baba, kada ka manna! A fesa ko'ina!"

"Oga ya ce?"

Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Na ce, "Ni ne mai kaya!" Ya ɗaga kafaɗa, ya ajiye salatif, ya fesa gaba da baya har cikin ramuka. Da Malam Habu ya dawo yana ta fama da haɗa gas, Ɗanliti ya tura su tanderu ya rufe. Sai da aka fito da su ya gani. Ya juyo wurina.

"Wili biyu sun tsira daga hannunka. Waɗannan kuwa sai an kankare bayansu."

Na ce babu lokaci. Gaskiya akwai lokaci, aikin bai fi na awa ɗaya ba. Kyau suka yi mini, gwal gaba da baya, na kasa yarda a sa musu ƙarfe. Wajen mayarwa ma sai da aka yi ta dukansu da guduma ta roba kafin su shiga mazauninsu, don fentin ya cike ramin tsakiya. Duka biyun a gaba aka sa su, ni na ce a sa su a nan. Malam Habu ya kira masu walda biyu ya ce su zama shaida cewa ya gaya mini. Ya ce in riƙa tsayawa ina ɗaure noti a hanya, kuma in na isa gida in kankare kafin in ɗauki ko da kaza ce.

Ranar Juma'a da hantsi na kamo hanyar gida. A Kwanar Dangora na tsaya na sa sifana. Notin gaba da na ga an ɗaure da ƙarfin mutum biyu, sai ga su suna juyawa. Ba sosai ba, amma sun juya. Na baya kuwa ko motsi. A Makarfi na sake gwadawa, suka sake juyawa. Na ce a raina, yanzu kam sun zauna, fentin ya gama lotsewa.

Na shiga Kurmin Kogi daidai an sauko daga masallaci. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba. Mutane suka kewaye motar. Wani ya ce, "Mai Azurfa, ga ubangidanka ya iso!" Lawal ya zo ya tsuguna ya shafa wilin, ya ɗago.

"Bawana, ashe marar lafiyan da ka je dubawa ƙafa huɗu gare shi. To ya jikin nasa?"

Aka fashe da dariya, amma wannan karon dariyar ba ta yi mini zafi ba, don na ga yadda ya daɗe yana shafa gwal ɗin. Kafin magariba Yaya Hansai ta aiko. Ƙawayen amarya sun canza shawara, ni zan ɗauki Rabi, Lawal ya ɗauki tukwane. Na tuna maganar Malam Habu. Na ɗauko jak, na ajiye. In na cire wili yanzu na hau kankara a ƙofar gida, kafin isha'i gari ya ɗauka cewa gwal ɗin Isiyaku na da matsala. Na ce bayan biki.

Ranar Asabar bayan azahar muka tashi, mota huɗu, tawa a gaba da furen roba a gilas. Rabi na baya a lulluɓe, tsakanin Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinta, da wata ƙawarta. Tun daga fitowa kunnena yana kan ƙafar gaba. A Ikara na tsaya na ce zan duba ruwa, na faki ido na ɗaure noti. Kafin Makarfi na sake tsayawa. Bayan Makarfi na sake. Duk tsayawar da na yi, motoci uku na baya sai sun tsaya.

Gwaggo Asabe ta ce, "Kai Isiyaku, amarya muka ɗauko ko gyaran mota muka fito? Ko gudawa kake yi ne ka faɗa mana?"

Na ce, "Yi haƙuri Gwaggo, yanzu za mu isa."

Da muka bar kwalta muka kama hanyar ƙauyukan Kudan, sai gargada ta fara. Ba mu yi nisa ba na ji wani ɗan ƙara daga hagu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sitiyari kuma yana rawa a hannuna. Na taka birki a hankali na tsaya gefen wata gonar rake. Ban ko ɗauko sifana ba. Na tsuguna na kama noti ɗaya da yatsu biyu, ya juya kamar murfin kwalba. Na biyu ma haka. Garin gwal ya taru a bakin ramukan kamar an niƙa shi.

Na daɗe a tsugune. Saura tafiya kaɗan a shiga Taba, har ina hango rufin kwanon garin. Zuciyata ta ce in ɗaure in lallaɓa, ai an kusa. Na ɗago na ga ƙafar Rabi ta ƙofar da Gwaggo ta buɗe don shan iska, da lallen da aka yi mata, da sabon takalmi. Na miƙe na tafi wurin motar Lawal. Tafiyar ba ta fi taku ashirin ba, amma ta fi mini ta Kano tsawo.

"Lawal, sauke tukwanen nan. Kai za ka shiga da ita."

Ya buɗe baki zai yi tsiya, sai na nuna masa ƙafar gaban motata. Ya fito ya je ya taɓa notin da kansa. Ya dube ni.

"Fenti ka sa aka yi a bayan? Malam Habu bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini."

"Kai, bawana! Ashe hassada ma tana da launi, ruwan gwal ce."

Mata suka fito suka ware zannuwa suka yi labule a bakin hanya, aka fito da amarya daga motata aka shigar da ita ta Lawal. Gwaggo Asabe tana faɗa tun daga wannan ƙofa har waccan. Aka cire furen roba daga gilas ɗina aka manna a nasa. Ni da wani direba muka kwashe tukwane da tabarmi muka loda a tawa. Suka tafi. Ina tsaye ina ɗaure noti na ji guɗa ta tashi daga cikin Taba.

Na isa a hankali kamar mai jan amalanke. Mazan garin suka taso suka kewaye motata. Wani tsoho, baffan ango, ya ce, "Ku mutanen Kurmin Kogi wace irin al'ada gare ku? Ga mota mai ƙafar gwal, kun cika ta da tukwane, kun kawo mana amarya a ta azurfa?" Lawal ya ce, "Baba, gwal ɗin na ado ne, ba ya son nauyi." Ni dai na sunkuyar da kai na ci gaba da sauke kaya. Ko tukunya ɗaya ba ta fashe ba.

Ranar Lahadi na je wurin mai facin Ikara, muka cire wilin gaba biyu, na zauna da sanfefa na kankare bayansu da ramukan har ƙarfe ya fito. A gaban 'yan tasha aka yi, ban ɓoye ba. Tun daga ranar noti bai sake motsi ba. Wanda duk zai kai nasa gashi, in ya ga an manna salatif ya kama bakinsa, kuma kada ya ce a ƙara wuta.

Mako biyu bayan haka Malam Sale, maƙwabcinmu, ya yi sallama a ƙofar gidana. 'Yarsa za a kai Saulawa. Na shimfiɗa masa tabarma. Bayan mun gaisa ya ce ya ji yadda na sauke amarya a hanya don noti ya motsa, kuma wallahi samun mutum mai tsoron Allah irina sai an tona. Na ce ba komai, yi wa kai ne.

Ya ce, "Shi ya sa na zo. Mata sun ce Lawal ne zai ɗauki amarya, sun ce motarka ta taɓa sauke wata a hanya, ba sa so. Amma ni hankalina ba zai kwanta ba sai kai ka duba masa motar kafin a tashi."

Na je. Lawal na zaune a kan benci yana shan rake, ya miƙo mini makulli yana dariya. Na duba ruwa, na duba birki, na ɗauko sifanata na bi notin nan ashirin ɗaya bayan ɗaya. Wasu ma sau biyu na gwada su. Allah ya gani, ina sa sifana ina fatan in sami ko guda ɗaya da ya saki.

Duk a ɗaure suke. Na miƙe na kakkaɓe gwiwata, na ce wa Malam Sale a fito da amarya.